Yadda za ka kauce wa hukuncin kashe ɗan tim ɗinka a gem ɗin intanet

Na'urar da ke hukunta 'yan wasa a gem ɗin intanet ba ta duba zuciya. Lissafi kawai take yi: harsashin wa ya sami wa, jini nawa ya ragu, sau nawa abin ya faru a 'yan kwanakin nan. Wanda ya jefa gurneti ya bugi bakin taga ya dawo kan abokansa, da wanda ya take ɗan tim ɗinsa da mota don ya kwashe masa kaya, sau da yawa hukunci ɗaya ke hawa kansu. Saboda haka rantsuwar "wallahi ba da gangan ba ne" tana da amfani wajen abokanka, amma ba ta goge komai a lissafin gem. Abin da ke tsare akawun ɗinka shi ne sanin dokar tun kafin ka ɗana kunama.

Laifi iri biyu ne a nan. Akwai kashe ɗan tim ɗinka a gem ɗin harbi irin PUBG da Counter-Strike. Akwai kuma kashe ɗan wasan da bai neme ka da faɗa ba a gem masu faɗin duniya irin Albion Online da RuneScape, wanda 'yan wasa ke kira PK. Za mu fara da na farko, don shi ya fi cin mutane.

Mataki na 1: Gano irin dokar da gem ɗinka ke bi

Kada ka ɗauki dokar wani gem ka shiga wani da ita. Ko a cikin gem ɗaya ma, dokar kan bambanta daga wannan sashe zuwa wancan.

Wasu kamfanoni sun gaji da ƙorafi sun kashe abin gaba ɗaya. Epic Games ya yi haka a Fortnite a farkon 2018, World of Tanks kuma ya bi sahu a 2019 a faɗace-faɗacensa na yau da kullum, bayan shekaru yana shafa wa sunan mai laifi launin shuɗi don kowa ya gane shi. A Free Fire ma harsashinka ba ya cin ɗan tim ɗinka.

Wasu kuma rabi suka kashe, kuma nan ne tarkon yake. A PUBG Mobile bindiga ba ta taɓa abokinka, sai mutum ya saki jiki, alhali gurneti da kwalbar fetur da mota duk suna iya kwantar da shi, wato ya faɗi yana rarrafe sai an tashe shi. Valorant ma haka: harsashi ba ya yi wa ɗan tim komai, amma wuta da bama-baman wasu jarumai suna rage masa jini.

Sai masu barin abin a buɗe. A PUBG na kwamfuta harsashi yana kashe ɗan tim kamar yadda yake kashe abokin gaba, kuma yin hakan da gangan laifi ne da ake dakatar da akawun a kansa. A Yulin 2017 an dakatar da shahararren mai yaɗa wasa Dr DisRespect na ɗan lokaci saboda ya harbe ɗan tim ɗinsa a gaban masu kallo, shahararsa ba ta hana ba. A wasan gasa na Counter-Strike an rage ƙarfin harsashi a kan ɗan tim zuwa kusan kashi ɗaya bisa uku, amma gurneti yana ci da kusan duk ƙarfinsa, alhali a sashen Casual babu wannan ɓarnar sam. Helldivers 2, wanda ya fito a Fabrairun 2024, shi ya ma mayar da abin wani ɓangare na daɗin wasan, babu maɓallin kashe shi.

Akwai kuma masu mayar wa mai harbi harsashinsa. Rainbow Six Siege na Ubisoft ya kawo wannan tsari a 2019 da sunan Reverse Friendly Fire: da zarar ka kashe ɗan tim ko ka yi masa ɓarna mai yawa, duk harbin da ka ƙara yi wa naka a jikinka zai sauka.

Ka buɗe shafin dokoki a cikin gem ɗin, ka kuma riƙa leƙa bayanin da ke zuwa da kowane sabon sabuntawa. Lambobin hukunci suna canzawa, bidiyon YouTube na shekara uku baya kuwa ba ya canzawa.

Mataki na 2: Gwada a inda ba a lissafi

Ka ja aboki ɗaya ku buɗe ɗaki na kanku, ko ku shiga filin atisaye idan gem ɗin ya yarda. Ku gwada harsashi, gurneti, wuta, mota, da fashewar mota ko gangar mai, ku ga wanne ke rage jini. Ban da wasan hawa matsayi. A can gwaji ma laifi ne.

Mataki na 3: Gyara hannunka

Mafi yawan kisan ɗan tim ba mugunta ke kawo shi ba, gaggawa ce da rashin magana. Ga inda aka fi faɗawa.

Gurneti. Kafin ka zare, faɗi a makirfo: "zan jefa, ku ja baya." Duba ƙaramar taswira ka ga inda naka suke, musamman idan faɗan a cikin gida ne mai bene, don a taswira wanda ke sama da wanda ke ƙasa wuri ɗaya suke bayyana. Kada ka jefa ta ƙofar da abokinka ke shirin kutsawa. Idan an kwantar da ɗan tim ɗinka kusa da abokin gaba, gurneti ba shi ne maganin ba: wanda ke rarrafe ba ya iya gudu, shi zai fara mutuwa. Hayaƙi ake jefawa a nan. Kuma ka tabbata abin da ke hannunka hayaƙin ne, domin a waya maɓalli ɗaya ke riƙe da duk abubuwan jifa, kuma mutane da yawa sun yi niyyar rufe aboki da hayaƙi suka aika masa da ajalinsa. Ka shiga saitin maɓallai ka ƙara girman wannan maɓallin, ka nisanta shi da na harbi.

Mota. Idan za ka ɗauki abokinka, tsaya nesa kaɗan ya tako da ƙafarsa. Kada ka nufe shi kai tsaye kana jiran birki ya cece ka. Idan kai ne fasinja, kada ka diro mota tana gudu. Idan mota ta fara hayaƙi baƙi ko wuta, kowa ya bar wajen, kuma kada ka harbi motar da naka ya fake a bayanta.

Layin harbi. A gem ɗin da harsashi ke cin ɗan tim, laifin kan rabu biyu: wanda ya harba, da wanda ya gitta ta gaban bindiga. Amma na'ura mai harbin kaɗai take rubutawa. Don haka idan kana gaba a lungu, durƙusa ka tsaya wuri ɗaya, na baya ya harba ta samanka. Idan za ka tsallaka, bi ta bayan mai harbi. Idan kai ne a baya, kada ka danne kunama ka bar ta a ƙofar da mutum biyu ke leƙawa.

Netwok. Wannan ya fi shafar mu da ke buga gem da datar waya. Idan ping ɗinka, wato jinkirin saƙo tsakanin wayarka da saba (kwamfutar da ke riƙe da wasan), ya haura, inda kake ganin abokinka a allo ba lallai nan yake ba a wajen saba. Kai ka ga hanya a buɗe, saba ta ga ka take mutum. Ranar da sabis ke rawa, bar wa wani tuƙi, ka rage jifa, ko ka haƙura da wasan matsayi sai dare ya yi.

Sai farkon zagaye. A Counter-Strike, ɓarnar da ka yi wa ɗan tim a daƙiƙun farko, kuna tsaye a wurin farawa, tana da nata ma'auni mai tsanani: jini 50 kacal ya isa a fitar da kai. Wasan sukar aboki da wuƙa ana jiran a fara, wanda yara ke ɗauka raha, ya jawo wa mutane da yawa kora.

Mataki na 4: Idan tsautsayi ya auku

Da farko ka daina harbi. A Counter-Strike ana gargaɗi idan ɓarnarka a kan 'yan tim ta kai 200, ana kora a 300, haka ma idan ka kashe naka sau uku, kuma kowane kisa yana cin dala 300 daga kuɗin sayen makamai na cikin wasan. Ma'ana kuskure na farko bai kashe ka ba, na biyu da na uku ne matsala.

Na biyu, yi magana nan take, kafin ya gama fusata. Wannan ba ladabi kaɗai ba ne, dabara ce, domin gem da yawa sun miƙa wa wanda aka kashe wuƙa da nama. A PUBG Mobile shi ake tambaya ko a rage maka maki ko a ƙyale ka. A Rainbow Six Siege ana nuna masa yadda aka kashe shi, ya zaɓa ko ganganci ne ko kuskure. Idan ya ce kuskure ne, sai a ɗage maka hukuncin mayar da harsashi. A tsofaffin wasannin Halo ma wanda aka ci amanarsa kan sami damar korar mai laifin. Daƙiƙu kaɗan ne tsakanin mutuwarsa da danna maɓallin, kuma abin da ya ji daga bakinka a wannan tsakanin shi ke yanke hukunci. "Yi haƙuri ɗan'uwa, gurnetina ne ya dawo" ta wadatar. Idan baƙo ne da ba ku jin yaren juna, aika gajeren saƙon ban haƙuri da ke cikin gem ɗin. Abin da ba a so shi ne shiru, ko dariya, ko "kai ma me ya kai ka wajen?"

Na uku, gyara ɓarnar. Idan kwantar da shi ka yi, jefa hayaƙi ka tashe shi, ka ajiye masa magani. Idan ya mutu kuma taswirar tana da hanyar dawo da matacce, wannan ya zama aikinka na farko. Kada ka taɓa akwatin kayan da ya bari da sunan "kar kayan su lalace". Duk wanda ya ga ka kashe shi sannan ka ɗauki bindigarsa, babu bayanin da zai gamsar da shi.

Mataki na 5: Idan kai aka yi wa

Kada ka rama. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, amma a gem mai ramuwa ne ya fi shan zafin. Masu neman fitina sun san ma'aunin sarai: zai rage maka jini kaɗan kaɗan, bai kai iyakar kora ba, ko ya riƙa tsayawa gaban bindigarka, ko ya toshe ka a ƙofa, har ka fusata ka harbe shi. A lissafin na'ura kai ne ka yi kisa, shi kuwa ko gargaɗi bai samu ba. A Free Fire, inda harsashi ba ya ci, irin wannan mutumin da bangon gloo, katangar kariya da ake kafawa nan take, yake kulle ka a lungu, ko ya ƙi tashinka da gangan.

Abin yi shi ne ka kalli bidiyon yadda aka kashe ka kafin ka yanke hukunci. Idan ka ga kuskure ne, yafe. Ni a ganina wanda ke danna hukunci a kan kowane tsautsayi yana ɓata tsarin ne, kuma gobe shi ma zai nemi a yafe masa. Idan ganganci ne, danna rahoto a cikin gem, ka zaɓi laifin da ya dace, domin rahoton kashe ɗan tim da aka tura a layin masu satar wasa ba ya zuwa ko'ina. Ka ɗauki bidiyon allo idan wayarka na iyawa, ka rubuta lambar akawun ɗinsa, don suna ana canza shi. Bayan nan rufe muryarsa, ka toshe shi.

Kada kuma ka fice daga wasan cikin fushi. Ficewa ma laifi ce mai nata hukunci, kuma zagi a makirfo na iya jawo maka abin da shi bai samu ba.

Mataki na 6: Idan hukuncin ya riga ya hau kanka

A PUBG Mobile makin ɗa'a, wato Merit, daga 100 yake farawa. Kashe ɗan tim yana rage shi, maimaitawa a kusa kusa kuma tana ƙara yawan abin da ake cirewa. Idan ya faɗo ƙasa da 60, an rufe maka wasan mutum biyu da na mutum huɗu, sai kai kaɗai. Hanyar dawowa ɗaya ce: ka buga Classic, wato wasan na asali, kai kaɗai ba tare da sabon laifi ba. Gamawa a cikin goman farko na ba da maki 3, daga na 11 zuwa na 50 maki 2, ƙasa da haka maki 1. Ka ga ke nan wanda ke kan 50, idan yana faɗawa tsakiyar gari ana kashe shi da wuri, sai ya buga wasa goma, alhali mai sauka gefen taswira ya lallaɓa har ya gama a cikin goman farko wasa huɗu ya ishe shi. A nan ɓuya ba abin kunya ba ce.

Counter-Strike tsani yake amfani da shi: minti 30 a karon farko, sannan awa 2, sannan awa 24, sannan kwana 7. Mako guda ba laifi yana sauko da kai mataki ɗaya. Abin lura, tsanin ɗaya ne da na wanda ya bar wasa bai dawo ba. Idan an ɗauke wuta ko data ta ƙare ana tsakiyar wasa har aka rubuta maka ficewa, ka riga ka hau matakin farko, kuskuren gurneti a washegari zai same ka a na biyu. Mai buga wasan gasa a kwamfutar tebur ba tare da inbata ko janareto a kusa ba ya san da wannan.

GTA Online kuwa ware masu laifi yake yi: wanda ya yawaita fasa motocin mutane ko ficewa daga aiki ana tura shi zaure na musamman tare da ire-irensa, da hular wauta a kansa, har wa'adinsa ya cika.

Abu biyu ka guje musu. Kada ka ba kowa lambar sirrinka don ya "cire maka ban". Babu mai wannan ikon sai kamfanin, kuma ta wannan hanya ake sace akawun. Kada kuma ka ara wa ƙaninka ko abokinka akawun ɗin da ka sha wahala a kansa, don laifin da ya yi da sunanka za a rubuta. Idan kana da hujjar an zalunce ka, rubuta wa sashen taimako na kamfanin a taƙaice, da rana da lokaci da bidiyo. Amma gajerun dakatarwa da na'ura ke yankewa da kanta galibi ba a ɗage su, jira ne kawai.

Mataki na 7: Kafin ka far wa wanda bai tsokane ka ba

A gem masu faɗin duniya kashe ɗan wasa ba karya doka ba ne, hanya ce da aka bari a buɗe aka sa mata farashi. Aikinka ka san farashin.

Tsarin ya shahara tun Ultima Online, wanda ya fito a 1997. A can sunan mutumin kirki shuɗi ne, mai ƙaramin laifi toka, mai kisa ja. Wanda aka kashe shi ke kai ƙara, idan ƙararraki suka kai biyar sunanka ya koma ja, masu gadin gari su hana ka sakat, kowa kuma ya sami damar farautarka. Goge kisa ɗaya daga dogon lissafi yana cin awa 40 na zama a cikin gem. Duk da haka masu kisa sun addabi sababbin shiga har a shekarar 2000 kamfanin ya raba duniyar biyu, Felucca mai kisa da Trammel mai zaman lafiya, jama'a kuwa suka kwarara Trammel.

Waɗanda suka biyo baya kowa da salonsa. A Tibia, kisa uku marasa dalili cikin awa 24, ko biyar a mako, ko goma a wata, suna jawo jan ƙoƙon kai na kwana 30, kuma idan ka mutu da shi duk kayanka sun zube. A Old School RuneScape, wanda ya fara kai hari a yankin Wilderness yana samun alamar ƙoƙon kai na wani lokaci. Mai mutuwa ba alama yana tsira da kayansa uku mafi tsada, mai alama kuwa ya rasa duka, sai dai guda ɗaya idan ya kunna kariyar kaya ta Protect Item. Akwai masu yaudarar mutum ya kai hari bisa kuskure don alamar ta hau kansa, shi ya sa aka sa saitin hana hawan alamar. Kunna shi tun kafin ka tsallaka iyaka. A EVE Online, idan ka harbi wanda bai yi laifi ba a yankin tsaro mai ƙarfi, 'yan sandan CONCORD za su tarwatsa jirginka, babu tsira. Gem ɗin yana da maɓallin kariya mai kore da rawaya da ja. Bar shi a kore, ba zai bari ka aikata laifi ba ko da hannunka ya zame.

Albion Online, wanda ya sauka a waya a 2021, da launi ya raba ƙasarsa. A shuɗi ba mai far maka. A rawaya ana iya kwantar da kai amma ba a kwashe kayanka. A ja da baƙi, wanda ya mutu ya bar duk abin da ke jikinsa. Don ka kai hari a rawaya ko ja sai ka ɗaga tutar gaba da kanka, kowane hari kuma yana rage maka mutunci, idan ya yi ƙasa sosai a fara rufe maka biranen sarauta da kasuwanninsu. A baƙin yanki babu wannan ragin. Saboda haka idan faɗa kake so, tafi can ka yi shi da hujja, maimakon ka ɓata sunanka a kan mai saran itace a yankin rawaya. Idan kuma fatauci kake, duba adadin masu tutar gaba da gem ke nunawa kusa da taswira kafin ka ratsa jan yanki, kuma kada ka ɗauki abin da ba za ka iya jure rashinsa ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mataki na 8: Idan kai ne mai ɗaki ko mai shirya gasa

Yanke shawara tun kafin a fara, ka rubuta a guruf kowa ya gani. A Minecraft na waya, umarnin /gamerule pvp false yana hana 'yan wasa cutar juna. A na Java, idan kana son faɗa tsakanin ƙungiyoyi ban da cikin gida, sai ka rubuta /team modify, sunan ƙungiyar, sannan friendlyFire false. A sabar Counter-Strike ta kanka, mp_friendlyfire 0 yana kashe ɓarnar, 1 yana kunna ta, mp_autokick 0 kuma yana hana korar kai tsaye, abin da ke da amfani idan duk ku abokai ne kuna atisaye.

Ga gasar da aka sa kuɗin shiga, dokar ta fayyace abu uku: me ake yi wa kisan kuskure, me ake yi wa na ganganci, da kuma wa ke raba gardama. Shawarata, kuskure a bar shi yadda ya faɗo, kada a sake wasa, don in ka buɗe wannan ƙofar duk tim ɗin da ya ga zai sha kashi zai samo nasa "kuskuren". Kisan ɗan tim kada ya shiga makin kisa. Ganganci kuwa, a cire mai laifin daga gasar, kuma hujja bidiyo ce kaɗai, a turo ta cikin minti 15 da gama wasa. Alƙalin ya kasance wanda ba ya bugawa kuma ba shi da ƙani a cikin masu bugawa, a kuma bayyana sunansa a guruf kafin a karɓi kuɗin kowa.